Ƙwai Takwas na Laminu Mai Macizai

Shekara tara ke nan cif da muka kai Laminu makwancinsa a nan Jidda. Har yau in aka ambace shi a cikin mutanenmu, sai ka ji wani ya ce, "Wane Laminu? Mai macizai?" Tambayar tana ba ni haushi, amma ba ni da bakin magana, domin ni na fara laƙaba masa Gardi tun yana raye, sunan kuma ya bi shi. Taubashina ne, ɗan yayar mahaifina. Ya ba ni shekara shida, ya riga ni barin ƙauyenmu na ƙasar Damagaram, kuma a ɗakinsa na unguwar Nuzla na sauka ranar da na iso, da jaka ɗaya da silifa. Tsakanin taubasai ba a rasa tsiya, amma tamu ta yi fice. Ban tuna ranar da na yi masa gaisuwar mutunci ba, ban kuma tuna ranar da ya amsa mini ba tare da zolaya ba.

A wani kantin tsuntsaye da kifin ado yake aiki, can wajen Ruwais. Shara da wankin keji aka ɗauke shi yi. Ana nan sai ɗan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya shigo da wasu macizai daga waje, ya yi ɗokinsu na 'yan watanni, ya gaji, ya watsar da su a ɗakin baya. Ma'aikata kowa ya ce ba da shi ba, sai Laminu, wanda tun muna yara shi ne mai cusa hannu a ramin da kowa ke zagayewa. Macizan ba su da dafi. Asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ana kiransu sarkin macizai saboda a daji 'yan'uwansu suke haɗiyewa, a kantin kuwa maliki kawai ake cewa. Akwai mai zobe-zobe baƙi da fari tun daga wuya har jela, akwai mai farin layi ɗaya da ya bi gadon baya, akwai baƙi wuluk mai sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Akwai kuma zabiyarsu, fari da ruwan ƙwai, idonsa ja. Cikin 'yan shekaru ɗakin bayan nan ya zama shi ke jawo mutane kantin, kafilin kuma bai ƙara jan ƙafa wajen sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba.

A Nuzla abin bai yi wa kowa daɗi ba. Akwai waɗanda suka daina sa hannu kwano ɗaya da shi, akwai wata tsohuwa da in ta hango shi tafe sai ta tofa addu'a a cikin riga ta sake hanya. Wasu sun ɗauka wani asiri ya sha. Ni da nake zuwa wurinsa duk Juma'a bayan masallaci, ranar da ba mu lodi a siton da nake aiki a Madinar Masana'antu, na san babu wani asiri sai naci da sa ido. Laminu bai yi boko ba, allo kawai ya yi. Duk abin da ya sani, da idonsa ya koya, sai ɗan abin da ya tsinta a bakin masu saye.

Shi ya gano cewa Jidda ba ta da sanyin da zai sa macijin nan ya san shekara ta juyo, kuma in bai kwanta sanyi ba, ba ya neman mace. Sai ya samo wata tsohuwar tallaja, firij ke nan, ya sa aka rage mata ƙarfi har sanyinta ya koma kamar na ruwan randa, ya riƙa kwantar da su ciki wata biyu bayan cikinsu ya zama babu komai. Na ce masa a duk faɗin garin nan shi kaɗai ne ke ajiye maciji inda mutanen kirki ke ajiye nama. In lokacin barbara ya yi, sai ya ƙosar da macen da ɓera tukuna, ya haɗa su, ya kifa bokiti ya zauna a kai yana gadinsu. "Ɗan kawu," yake ce mini, "wannan amarya in ka juya baya sai ta haɗiye ango, ba ta jiran a raba gado." Ƙwan da ta saka kuwa sai ya ɗiga wa kowanne alama da fensir a sama, don kada a juya shi ɗan ya mutu a ciki, ya jera su a ƙasa mai laima, ya yi ta dubawa wata biyu.

Abin da ya fi ba ni dariya a lokacin shi ne murfin akwatunan. Kowane maciji da akwatinsa na roba shi kaɗai, a kan murfin kuma an manna farin salatif, an cika shi da rubutun ajami: sunan macijin, sunan uwarsa da ubansa, kakanninsa, da launin kowa. Duk ya raɗa musu suna. Baƙin nan wuluk Gawayi, mai zoben Kallabi, zabiyar kuma Nono. In ya sayi maciji a hannun wani da bai san iyayensa ba, ba ya barin wurin fayau, sai ya rubuta "ban sani ba". Na taɓa tambayarsa dalilin ɓata tawada. Ya ce, "In na bar wurin haka, wanda zai gaje ni zai ɗauka babu komai a bayansa. Akwai, ni ne dai ban sani ba."

A kan bokitin nan ya yi mini karatu iri-iri, ni ina cin gyaɗa ina hamma. Ya haɗa Gawayi da Kallabi, 'ya'yan suka fito da duhu, zoben yana nan dishi-dishi kamar tabon da ya sha wanki, kuma duk saɓar da suka yi sai ya ƙara dusashewa, har a shekara biyu ba ka raba su da baƙi na asali. Masu saye sun fi son baƙi tsantsa, amma bai taɓa sayar da gauraye da sunan tsantsa ba. Cewa yake jika zai tona asiri, domin in mai sayen ya haɗa su, zoben zai dawo. In kuma ya haɗa mai layi da mai zobe, sai zanen ya kakkarye, wani ɗigo-ɗigo, wani rabinsa layi rabinsa zobe, kamar tela ya ɗinka riga da ragowar ƙyalle, ba biyu da za su zo iri ɗaya. Wannan haɗin ya fi so, don ba ya sanin abin da zai gani sai ƙwai ya tsage.

Zabiya kuwa hanyarta daban. In ya haɗa Nono da mai zobe, 'ya'yan duka masu zobe suke fitowa, ko ɗaya ba ya nuna alamar ubansa. Amma kowannensu yana ɗauke da abin a ɓoye, Laminu ya ce a aljihu suke riƙe da shi. Ba ya fitowa fili sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, shi ya sa in yana neman zabiya, 'yan gida ɗaya yake haɗawa. A irin wannan haɗi, wajen ɗaya cikin huɗu ke zuwa fari. Yakan ƙara da cewa ƙwai ba su iya lissafi ba, wani zubin a samu uku, wani zubin a tashi babu ko ɗaya. Na ji wannan magana a bakinsa ya fi sau ashirin.

Yanzu sai in faɗi abin da ya sa ni, ba wani ba, nake rubuta wannan shafi. Ba labarin da ke yi mini ado ba ne, amma in na tsallake shi ban faɗi komai game da Laminu ba.

Matata Hajara 'yar ƙanen mahaifina ce. Auren gida aka yi mana, na kawo ta Jidda, ta samu aikin girki a gidan wasu Larabawa a Ruwais, mutanen kirki, ta yi musu aiki har cikinta ya tsufa. Ta haifi 'yarmu ta fari, Maryama, jajir da ita. Ba wanda ya damu, don jarirai haka suke zuwa. Matan unguwa suka duba bakin kunnenta kamar yadda aka saba, wai shi ke faɗin launin da jariri zai koma, sai suka ga kunnen ma fari ne, suka ce a bari a yi arba'in. Aka yi suna lafiya, aka yi arba'in, yarinya ba ta rine ba. Gashinta ya fito kamar gashin masara, idanunta kuma suna rawa in haske ya yi yawa. Likita ya duba ya ce zabiya ce, a kiyaye ta daga rana. Na tambaye shi daga ina, ya yi mini bayani da Larabci mai sauri, na gyaɗa kai ban kama komai ba.

Wata rana muna cin abinci a bakin sito, wani abokin aiki ya ce, "Wai matarka ba a gidan Larabawa take aiki ba?" Bai ƙara komai ba, ni na ƙarasa sauran da kaina. Na san zabiya, na gan su a kasuwannin ƙasarmu tun ina yaro. Amma sai na zauna ina ƙirga dangi: babu a wajena, babu a wajenta, kuma wajena da wajenta ai ɗaya ne. Abin da ya kamata ya buɗe mini ido, shi na ɗauka na mai da hujja. Ban taɓa fitowa fili na zarge ta ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. Tambaya ɗaya na yi mata tana shayar da yarinyar: "A gidanmu wa ya taɓa haifar irin wannan?" Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kanta ƙasa. Na naɗe tabarmata na koma ɗakin ma'aikata a sito.

Sati uku na yi a can ina dafa kaina da kaina, har na yanke shawarar saki, in sa ta a jirgi ta koma gida da yarinyar. Laminu ne babbanmu a ƙasar nan, dole ta hannunsa maganar za ta bi. Na same shi a ɗakin baya yana yayyafa wa ƙasar ƙwai ruwa.

"Gardi, shaida na zo nema," na ce masa. "Halas, shi ke nan, na gama shawara."

Ya ajiye abin yayyafin. Ranar ce ta farko da bai ce mini ɗan kawu ba. "Idi, zauna," ya ce. Ya jawo akwati biyu ya buɗe, mace da namiji, duka masu zobe baƙi da fari. "Dube su da kyau. Ka ga wani abu na zabiya a jikinsu? To 'ya'yan Nono ne su biyun. Ga ƙwansu nan, guda takwas, saura kamar kwana ashirin su ƙyanƙyashe. Ba ni kwana ashirin ɗin nan. In zabiya ta fito daga waɗannan biyun, ka naɗe tabarmarka ka koma gidanka."

"In ba ta fito ba fa?"

"Za ta fito, in sha Allahu."

Sai daga baya na gane irin kasadar da ya yi. Mutumin da kullum ke cewa ƙwai ba su iya lissafi ba, shi ne ya ɗora auren 'yan'uwansa biyu a kan ƙwai takwas. Ya san zai iya faɗuwa. Amma ya san ni, ya san in na kafe ba na jin wa'azi, kuma ba shi da wani abin da zai tsayar da ni sai wannan. Na yarda ne kawai don in rufe masa baki. A cikin kwanakin nan, kamar yadda na ji daga baya, shi da matarsa ba su bar Hajara ta rasa komai ba, kuma bai gaya mata maganar saki ba.

Ƙwan suka fara tsagewa ranar Laraba. Kafin Juma'a bakwai sun fito, ɗaya ya ruɓe. Na iso bayan masallaci na tarar ya raba su kowa da ɗan kofinsa, shi kuma yana zaune a kan bokiti ya yi tagumi. Na bi kofunan ɗaya bayan ɗaya. Baƙi da fari, baƙi da fari, har na bakwai. Ina jin kunyar faɗa, amma wani daɗi mai ɗaci ne ya kama ni. Na ce, "To, Gardi, ina zabiyar taka?"

Ya ɗauki reza ya tsaga ruɓaɓɓen ƙwan, babu abin da za a gane a ciki sai wari. Ya wanke hannu. Sannan na ga abin da ban taɓa gani ba, Laminu ya yi fushi. Ya fizgo wani murfi da babu komai a kai, ya manna salatif, ya ɗauki biro. A can ƙasa ya rubuta Maryama. A samanta ya rubuta Idi da Hajara. A samanmu ya rubuta mahaifina da mahaifinta, a samansu kuma kaka ɗaya namiji, kaka ɗaya mace, namu duka.

"Ka gani?" ya ce, yana buga murfin da biro. "Abin da nake yi a nan da tallaja da bokiti, shi dattawa suka yi muku a zaure da goro. Jini ɗaya aka haɗa ta gida biyu. Bakwai ɗin nan da kake yi wa dariya, wallahi fiye da rabinsu na ɗauke da shi, ba wanda ya nuna. Haka gidanku yake. Haka gidanmu yake, har da ni."

Ya rubuta sunan mahaifiyarsa kusa da na iyayenmu maza, ya ce, "Saura wa a cikin 'ya'yan kaka?"

"Babu," na ce. "Su uku ne."

"Kai ka haife su?"

Ya rubuta "ban sani ba" a gefen, da manyan baƙaƙe. Sannan ya ciro waya ya kira ƙauye. A lokacin gwaggo, mahaifiyarsa, ba ta da waya, sai ta maƙwabci, muka jira har aka je aka taho da ita. Shi kansa bai san abin da za ta ce ba, wannan na tabbata. Abin da ya dogara da shi kawai shi ne abin da akwatunansa suka koya masa: in launi ya fito, to yana nan a baya, sai dai a tambayi wanda ya sani. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, a cikin 'ya'yan kaka ko danginsa, an taɓa haifar zabiya?"

Can ta ce, "Wa ya gaya maka zancen Larai?"

Larai ƙanwarta ce, wadda ke bi mata, kafin a haifi mahaifina da ƙanensa. Gwaggo ta ce fara ce tas, ba ta iya buɗe ido a rana, ita ke goya ta tana lulluɓa mata zane in za a je gona. Ƙyanda ta ɗauke ta tana 'yar shekara uku. Laminu ya ce, "Inna, me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba?" Ta ce, "Haba Laminu, wa ke zama yana ƙirga yaran da suka koma? Uwarmu ba ta son a ambace ta, muka bari." Sai kuma ta tambaya ko 'yar Idi ce ta ɗauko ta, ta ce a shafa mata kan yarinyar.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Laminu bai ce mini ya gaya mini ba, bai kuma yi dariya ba, duk da ranar ce ya fi cancantar yi mini ita. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Yalla, tashi. Kada ka biya ko'ina." Na biya duk da haka, na sayi nama da lemo, don ban san yadda ake shiga gida hannu biyu bayan abin da na yi ba. Na yi sallama, Hajara ta amsa. Ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Riƙe ta, zan sauke tukunya." Na ba ta labarin Larai da ɗoki kamar ni na binciko shi, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ji ƙanta. Muka ci abinci. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Da shekara ta zagayo Laminu ya sake haɗa macizan nan biyu, aka samu zabiya uku a zubi ɗaya. Ya kira ni yana ƙyaƙyata dariya: "Ɗan kawu, shaidunka sun iso! Sun makara da shekara guda, da gani 'yan gidanku ne." Daga ranar tsiyarmu ta dawo yadda take, bai kuma sake tayar da maganar sito ba har ya bar duniya, ko a cikin wasa. Maryama kuwa ya ɗauke ta tamkar ransa. Inna ƙarama yake kiranta, tunda ƙanwar mahaifiyarsa ta ɗauko. Shi ya saya mata malafarta ta farko da baƙin tabarau, shi ya je makaranta da Larabcinsa na kanti ya roƙa a zaunar da ita a layin gaba saboda idonta. Tana 'yar shekara bakwai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. A gadon asibiti, da bututu a hannu, abin da ya dame shi shi ne kada a sayar da maciji ko ɗaya ba tare da murfinsa ba. Na yi masa alkawari, na kuma tsaya a kantin har aka yi hakan. Ni ban ɗauki ko guda ba, domin Hajara ta rantse ranar da maciji ya shigo gidanta ita za ta fita.

Nakan tambayi kaina me Laminu zai ce in ya leƙo yau. Lungun da muka zauna a Nuzla rusau ya ci shi, mun watse kowa ya kama wata unguwa, kantin ma an daɗe da rufe shi. Amma sana'ar da aka riƙa gudunsa a kanta ta zama ta 'yan gayu. Samari suna nuna macizansu a waya, launuka iri-iri da shi bai taɓa gani ba, mai ruwan goro, mai ruwan toka, mai kamar an zuba masa madara, kowanne da sunansa na Turanci mai tsawo. Na san da zai manne da wayar nan har abinci ya huce, yana cewa a ƙara maido masa baya. Na kuma san abin da zai ɓata masa rai. Kwanaki na tsaya wurin wani mai sayarwa, na nuna wani baƙi na ce waye ubansa. Ya yi dariya, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, maciji ne fa, ba neman aure muke ba." Da Laminu ne, da sun kai la'asar a wurin. Ni dai na yi murmushi na wuce, ba ni da iliminsa kuma ba ni da nacinsa.

Maryama yanzu shekararta goma sha shida. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar mini da amsa, in na yi ƙorafi ta ce Hausata ce ta tsufa. Ta fi kowa a gidan nan baki. Bara ta zo da littafin makaranta ta zana mini wani akwati mai gida huɗu, ta ce ga yadda launi ke bi daga iyaye zuwa 'ya'ya, ga sunan da malamai ke kiran abin. Na ce mata kawunta ya riga malaman nata, shi da biro da salatif ya yi nasa. Ta juya kan ƙannenta maza biyu, waɗanda suka ɗauko baƙina, ta ce kada su yi mata yanga, wataƙila suna ɗauke da shi su ma. Da Laminu ya ji wannan, da ya yi dariya har ya faɗo daga kan bokiti.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai gina gida ba, bai bar shago ba. Macizansa sun watsu a gidajen mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, ko da yake ina so in yarda cewa a wani ɗaki a garin nan akwai jikan Kallabi ko na Nono yana kwance, da wani murfi mai rubutun da mai gidan ba ya iya karantawa. Abin da na tabbatar ya bari shi ne gidana. Duk safiyar da na ji Maryama tana faɗa da ƙannenta a kan banɗaki, uwarsu tana raba su daga kicin, na san hayaniyar nan saura ƙiris in jefar da ita da hannuna, wani ne ya riƙe mini hannun. Ina kewarsa, amma ba kewa mai zafi ba ce yanzu. In na tuna shi, dariya ce ke fara zuwa. Allah ya yalwata masa kabari, ya sanyaya masa shi, ya saka masa da abin da ni ban iya saka masa ba.

Kafin in aika da rubutun nan, na karanta wa Hajara shi tun daga farko, tana tsince shinkafa. Ta yi dariya a wurin tallaja, ta share ido a wurin gwaggo. Da na gama ta ajiye farantin.

"Ka yabi Laminu, kuma ya cancanta," ta ce. "Amma ka rubuta kamar ni ya wanke. Ni ba ni da dauɗar da za a wanke, Malam. Ban jira ƙwai ba, ban jira waya ba, na san 'yar wa na haifa. Kai ya wanke."

Sai a lokacin na lura cewa a duk labarin da na karanta mata akwai nama, akwai lemo, akwai Larai, amma babu wurin da na nemi gafararta, domin ban taɓa nema ba. Shekara goma sha shida. Na ce, "Hajara, ki yafe mini."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. "Tun ranar da na miƙa maka ita na yafe," ta ce. "Jira dai nake in ji ka tambaya."